Takardu Biyu a Kan Teburi

A Amarillo, inda iska ba ta sallama,
na sayi eka biyu bayan layin dogo.
Rumfa nake so, wadda za ta ɗauki kan tirela,
da injin walda, da ni, da dardumar salla.

Takardar farko ta ƙarfe ce,
Marisela ta aiko daga kamfaninsu:
dala dubu talatin da takwas, ban da daɓen siminti.
Ta biyu ta katako, dubu arba'in da shida,
magini ya ce alkawarinsa na mako biyu ne,
don katako a nan farashin tumatir gare shi,
na safe daban, na yamma daban.

Na kira ƙanena Sagir a Roseburg.
Ya yi dariya har ya ƙware.
Yaya, ya ce, a nan itace ya fi mutane yawa,
injin tsaga yana bayan katangata,
ƙamshinsa ke tashina kafin ladan na waya.
Kuɗin da aka yanka maka, a nan da sauran canji mai kauri.
Mu ƙarfe ne baƙonmu, sai an biya masa kuɗin mota.

Ashe katako ma ɗan ci-rani ne.
A garinsu ba mai kallonsa sau biyu,
sai ya haye duwatsu, mil dubu da ɗari biyar,
ya sauka nan yana hura hanci.
Wa zai gaya mini? Ni nake ɗauko shi.
Dizal ɗina na cikin takardar nan,
da shayin da na sha a Boise,
da tayar da ta fashe mini a hamadar Utah.
Ni na tsawwala wa kaina.

Maƙwabcina Orval Pruitt, tsoho mai kunne ɗaya da rabi,
ya jingina da shinge ya nuna mini biyunsa.
Ta ƙarfe, ƙanƙara ta bar mata fuskar mai agana,
amma tana tsaye.
Gara ba ta da haƙorinsa, ya ce, inshora ma tana jin kunyarsa,
sai dai yana gumi da sanyi, yana ɗiga kan kayan aiki.
Ta katako kakansa ya gina, ta karkata kamar mai ruku'u.
Ita kuwa ko'ina ka buga ƙusa ka rataya hula.

Da dare Uwani ta ɗauko biro.
Fenti duk shekara biyar, maganin gara, guguwar bazara.
Ta ja layi biyu ƙarƙashin ƙarfe.
Wanda ya sayi rariya, ta ce,
sai ta bar ni in ƙarasa.

Kwana tara ban sa hannu ba.
Ban faɗa mata Baba nake gani ba,
a shagonsa na Bakori, fensir a bayan kunne,
yana ƙwanƙwasa maɗaci da ɗan yatsa
ya kasa kunne, kamar mai jiran a ce shigo.

Na sa hannu.
Rumfar ta zo a ɗaure, kowane ƙashi da lambarsa,
mutum huɗu, kwana shida.
Ruwan farko da ya sauka kan kwanon
ya hana ni jin Sagir a waya,
na kashe, na zauna, na ji damina irin ta gida.

A tafiyata ta gaba ya ɗora mini falanki uku kyauta.
Na yi benci. Hannun Baba bai biyo ni ba,
ƙafa ɗaya ta gajarce.
Na naɗe takardar dubu arba'in da shida sau huɗu
na tura ƙarƙashinta.
Har yau bai girgiza ba.